Rairayin Gindin Gawo

Jiya da hantsi na bi ta gindin gawon bakin rijiya, ƙafata ta nutse cikin rairayi, sai na tsaya ina kuka kamar yau aka kai maigidana.

Shi ba ya lallashi da baki. Shekarar da babban ɗanmu ya bi ayarin gishiri, labarinsu ya yanke, na daina cin tuwo, ko kaɗi na zauna yi zaren tsinkewa yake. Ran nan da azahar ya kira ni gindin gawon. Ya durƙusa yana share rairayi mai zafi da hannu har ya kai ga mai sanyi.

"Uwar yara, sa ƙafa."

"Haba Malam, ni yarinya ce? Mata na kallo."

"Su kalla. Kayan nan sun daɗe a kanki. Bar ƙasa ta riƙe maki kaɗan."

Ya rufe mani ƙafafu har idon sawu. Sanyin ya riƙa hawa a hankali. Ina jin kukan kurciya da zubar ruwan guga can nesa, har barci ya ɗauke ni a zaune, yana kore mani ƙuda.

Ɗanmu ya dawo, Malam ne ba zai dawo ba. Yanzu ni ke tona wa kaina rairayin, yatsuna kuwa ba su kaiwa ga sanyin. Ya Allah ka sanyaya masa makwanci, in tawa ta zo a tona mani kusa da shi.