Wutar Ƙirjin Nazifa

Aisa ƴar kwarin Komadugu ce, a cikin gonar tattasai ta buɗe ido, a cikinta kuma aka yi mata aure. Mijinta Zarami shi ke kula da injin ban-ruwa, ita kuwa tsinka da shanya nata ne. Ko da rikici ya tashe su daga bakin kogi suka dawo kusa da Shetimari, ba ta bar sana'ar ba. Mace ce marar yawan magana, amma in ta sa abu a gaba sai ta ga ƙarshensa.

Ƴarta ta uku, Nazifa, ba ta kai shiga lakwal, wato makarantar boko, ba ta fara ƙin abinci. Da ta yi loma kaɗan sai ta dafe ƙirji ta ce, "Inna, wuta." Wani sa'in ruwa mai tsami ya taso mata har baki. Aisa ta yi abin da ta ga iyayenta na yi: ta jiƙa kanwa ta ba ta. Yarinyar takan samu sauƙi, amma kafin rana ta karkata ciwon ya dawo. Wuyanta ya zama siriri, wasa ma ta daina.

Ranar kasuwa Aisa ta goya ta, suka shiga mota zuwa Diffa. A gidan likita suka samu wata ma'aikaciya, Madam Faridatu, baƙuwa daga Damagaram, ta auna yarinyar ta yi tambayoyi masu yawa kafin likita ya rubuta magani.

Aisa ta juya kwalin a hannu ta ce, "Madam, wannan da kanwa mene ne bambancinsu?"

"Ya Aisa, ciki yana yin wani ruwa mai tsami don narkar da abinci. Na ƴarki yana tasowa sama yana ƙona maƙogwaro. Kanwa tana kashe wanda ya riga ya zubo ne kawai, kuma ba ta da kyau ga yaro. Kuna da injin ban-ruwa?"

"Muna da shi."

"To a bangon ciki akwai ƙananan injuna masu turo tsamin. Maganin nan yana tsayar da wasu daga cikinsu, sai ƙunar ta samu ta warke. Ki ba ta da safe kafin ta ci komai. Kada ki yi fushi in ba ki ga canji gobe ba, yana ɗaukar kwanaki. Ki rage mata yaji da mai, kuma kada ta kwanta da gama cin abinci."

Rage yaji a gidan manomin tattasai ba ƙaramin aiki ba ne. Aisa ta riƙa ɗebar wa Nazifa miya tun kafin ta zuba jan garin yaji a tukunya. Kwanakin farko babu abin da ya sauya, har Zarami ya fara guna-guni. Sai wata safiya yarinyar ta shanye kununta tas, ta miƙo kwanon tana neman ƙari. Aisa ta juya baya ta share ido da bakin mayafi.

Da maganin ya ƙare, Zarami ya ce, "Tunda ya karɓe ta, bari in ƙaro a kasuwa ta yi ta sha."

"A'a Malam, sai na tambayo."

Ta sake hawa mota tare da Nazifa. Madam Faridatu ta ce ta yi daidai, don tsamin nan yana da amfaninsa, shi ke kashe ƙwayoyin cuta da ke shiga da abinci. In aka daɗe ana danne shi, zawo na iya kama yaro. Aka duba Nazifa, ta ƙara nauyi, aka ce a tsaya haka, in ciwon ya dawo a kawo ta.

Bana maƙwabciyarta Hafsa ta zo a ruɗe, jaririnta na tumbuɗi bayan kowane shan nono, tana neman sunan maganin. Aisa ba ta faɗa ba, sai ta ɗauki mayafi ta raka ta Diffa. Likita ya ga yaron ɓul-ɓul yana dariya, ya ce wannan ba ya buƙatar komai, a riƙa saɓa shi a kafaɗa in ya sha, zai daina da ya fara zama. Hafsa ta yi ajiyar zuciya. Suka biya kasuwa suka sayi busasshen kifi, suka kama motar gida.