Maƙwabcin Injiniya Ya Rasu

Shekarar da na koma unguwar Malaz a birnin Riyadh, mu shida muke haɗuwa a gidana duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ni ma'aikacin jinya ne. Akwai likitoci biyu, da malamin makaranta, da wani dattijo mai harhaɗa magunguna da muke kira Baba. Matata ta tuƙa tuwon shinkafa, wani ya biyo da kankana, mu baje a ƙasa har la'asar.

Na shidanmu injiniya ne ɗan Zariya, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a Norway kafin aiki ya kawo shi Riyadh. Ba ya fashin jam'i, kuma shi yake jan mu la'asar don ya fi mu karatu. Amma ɗabi'un can sun biyo shi. Ba ya tambayar kowa ko ya yi salla. In aka shiga zancen wane ɗan bidi'a ne, sai ya sunkuyar da kai ya ci tuwonsa. Ya taɓa gaya mana cewa a can, tambayar mutum addininsa rashin ladabi ne, kamar ka tambaye shi ciwon da yake ɓoyewa. Abokan aikinsa sun ga yana shimfiɗa sallaya a bayan ƙofa, sai suka kwashe kwalaye daga wani ɗan ɗaki suka bar masa, ba wanda ya ce uffan. Ɗaya daga cikin likitocinmu ya ce ai rashin kishi ne, wanda ba shi da addini me zai kare?

Wata Juma'a injiniyan ya zo idanunsa jajur. Ya ce maƙwabcinsa na can ya rasu, matar mamacin ce ta aiko masa da saƙo da safe. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, ba ya zuwa coci, bai ma yarda akwai Allah ba, sai dai bai taɓa jan kowa da musu a kai ba. Lokacin da jaririyar injiniyan ta rasu a tsakiyar sanyi, tsohon nan ne ya ɗauke su a motarsa zuwa maƙabartar Musulmi, tafiya mai nisa, ya cire hula ya tsaya a gefe cikin ƙanƙara har aka rufe ta. Bayan nan ya yi wata guda yana share musu ƙanƙarar ƙofar gida kafin su fito.

"Allah ya jiƙansa," in ji injiniyan.

Hannun Baba ya tsaya cak a cikin kwano. "Me ka ce?"

"Baba, bakina ne ya suɓuce. Mutumin nan ya yi min abin da..."

"Yi istigfari. A ƙasar nan, kana jin kiran salla ta kowace kusurwa, kake roƙa wa wanda ya ƙaryata Ubangijinsa rahama?"

Ya yi istigfarin, har sau uku. Da a nan ya kamata maganar ta mutu. Amma ni na ga ɗakin ya yi tsit, ga ni mai gida, kuma ina son Baba ya san ɓangaren da nake. Sai na ce, "Injiniya, kwantar da hankalinka. Inda ya tafi babu ƙanƙarar da zai share."

Aka kwashe da dariya, har malamin makarantar ya ƙware. Injiniyan ya dube ni, ya tashi ya wanke hannu, ya tsaya daga bakin kicin ya yi wa matata godiya, ya fita.

Ba mu ƙyale shi ba. Malamin ya tura wa'azi a zaurenmu na waya kan hukuncin ƙaunar kafiri. Matanmu suka ɗauke ƙafa daga gidan matarsa, ɗaya ma ta kira ta ta ce ta sa ido a kan aƙidar mijinta saboda yara. Duk da haka ya dawo Juma'ar gaba. Da aka tayar da la'asar ya matsa gaba kamar kullum, sai Baba ya riƙo hannun rigarsa, ya tura ni gaba. Na ja sallar, yana bayana. Daga ranar bai sake tako gidana ba.

Bayan wata huɗu na gamu da shi a kasuwar Aziziya, an rufe rumfuna don magariba. Muka yi salla a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Da aka sallame ya miƙo min hannu, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bai sabunta iƙamarsa ba, wato takardar izinin zama, kwantiraginsa na ƙarewa zai kwashe iyalinsa su koma Norway. Ban haƙuri na bakina, amma abin da ya fito shi ne, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Da na ba su labari ranar Juma'a, Baba ya ce dama can ɗin ta fi dacewa da shi. Na ce haka ne.