Koriyar Rigar Filomina

Shekara goma sha huɗu Filomina Gomes ta yi tana rawa a wani gidan shaƙatawa na Park Street a Kalkata, kuma ba ta taɓa ci ta ƙoshi ba. Dokar manajan gidan ɗaya ce: riga guda ake ɗinka wa kowace 'yar rawa, ranar da zif ya ƙi rufuwa ta kama gabanta. Filomina ta ga an sallami ƙawayenta uku, sai ta koma rayuwa a kan baƙin shayi da biskit biyu. Har suma ta sha yi a bayan labule, amma koriyar rigarta mai duwatsu ba ta taɓa ƙin ta ba, kuma da wannan take tinƙaho har gobe.

Yanzu ta haura saba'in, gwiwoyi sun ƙi. Da masu shirya fim a kan 'yan rawar wancan zamani suka nemi aron rigar, da kanta ta kai musu, don ta ga wace siririya ce za ta gaje ta.

Sai ga Tuhina, tauraruwar fim ɗin, ta shigo ɗakin kaya. Mace ce mai jiki, damatsa tuɓul-tuɓul, tumbi a waje tsakanin riga da zanen sari, tana gutsurar gurasar paratha maiƙo har haɓa.

Ta ɗaga rigar ta ƙyalƙyale da dariya. "Anti, wannan ai ko cinyata ɗaya ba za ta shiga ba!"

"To a rage ci mana, 'yar nan."

"Wa, ni? Darakta ya ce ranar da na rame zai nemo wata."

Maganar nan ta soki Filomina. Ba kyan yarinyar ya dame ta ba, ai ta fi ta kyau a zamaninta. Kishin da ya turnuƙe ta shi ne a ce mutum ya ci, ya ƙoshi, kuma a tafa masa. Abu ɗaya ya rage mata, rigar ta ƙi shiga.

"Ba don kowa aka ɗinka ta ba," in ji ta, tana miƙa hannu ta karɓe kayarta.

Amma Mobarak, tsohon telan fim ɗin, ya riga ya juya rigar yana lalubar shafin ciki.

"Dakata, Diidi. Wannan ɗinkin telolinmu ne na unguwar Metiyaburuz. Mu ba ma yanke yadi cif, sai mun bar saura a ƙarƙashin shafi, don jikin mace ba ya tsayawa wuri ɗaya."

Ya sa reza ya farke. Yadi ya warware, faɗin yatsa huɗu ta kowane gefe, kore shar kamar yau aka sayo shi. Kafin shayi ya huce ya maida ɗinkin. Tuhina ta zura, zif ya haye sumul, ta juya gaban madubi tana karkaɗa ƙugu, ɗaki ya ɗauki tafi.

Filomina ba ta tafa ba. Ta jawo hannun telan.

"Tun yaushe yadin nan yake ciki?"

"Tun ranar da aka ɗinka ta mana, Diidi. A rigar kowaccenku akwai. Ba wadda ta taɓa zuwa a buɗe mata ne?"