Keken Malam Isufu ya koma Durham

Bana shekara bakwai ke nan da muka yi wa Malam Isufu Damagaram sutura a nan Greensboro. Duk shekara idan watan ya kama, nakan yi masa addu'a, in kira iyalinsa Hajiya Rabi mu gaisa, shi ke nan. Bana kuwa na ɗauki alƙalami, saboda kekensa ya fito daga ɗakin ajiyata, kuma ni ne a kansa.

Waɗanda suka zo garin nan daga baya ba su san shi ba. Dogo ne siriri, mai furfura a gemu, ba ya rabo da hula. Ni Bakano, shi Badamagare, saboda haka tun ranar da muka fara haɗuwa a masallaci muka shiga wasan da muka gada. Yana kira na Mushe, yadda suke kiran malamin boko a Nijar, wai don na taɓa koyarwa. Ni kuma ina kiran sa Sarkin Keke.

Keken ƙarami ne, mai ƙananan tayoyi, irin wanda ake naɗewa ya dawo kamar akwati. Ya saye shi ne lokacin da yake aiki a wani kamfanin kujeru a High Point. Yakan hau daga gidansa a gabashin gari zuwa tashar jirgin ƙasa, wadda shi yake kira gar, ya naɗe shi, ya shiga da shi, idan ya sauka ya ware ya ci gaba. A jikin ƙarfen ya rubuta sunansa da ajami, da irin hannun makarantar allo.

Mutanenmu ba su taɓa sakin jiki da wannan abu ba. A wurinmu, dattijo da ke jan salla idan liman ba ya nan, a gan shi ya tattare riga yana taka feda a titin Amurka, abin tausayi ne. Har wani Alhaji mai gida a Pleasant Garden ya kira shi gefe bayan Juma'a, cikin ladabi, ya miƙa masa makullin wata mota da ba ya hawa. Ina tsaye a wurin. Malam Isufu ya yi godiya sosai, ya sa masa albarka, ya zaga motar yana dubawa kamar mai saye, sannan ya ce, "Alhaji, ta ina ake naɗe ta?"

Daga baya ya gaya mini dalilinsa. A mota, in ji shi, hannu biyu na sitiyari ne, ido na hanya. A jirgi kuwa hannu na carbi ne, ido kuma ya yi kallon ikon Allah ta taga.

Da ya bar aiki, keken bai huta ba. Manyan asibitocin da ake kai marasa lafiyarmu idan ciwo ya yi tsanani suna Durham. Duk Asabar, idan akwai namu a kwance, Hajiya Rabi ta dama koko ta zuba a filas, shi kuma ya kama hanya. Ba ya tambayar ko ɗan Najeriya ne, ko ɗan Nijar, ko ɗan zangon Kumasi. Babu wanda ya ɗora masa aikin. Mu dai mun saba, idan aka ce wane yana asibiti, sai mu ce ai Malam Isufu zai je, ya gaishe mana da shi.

Da ya rasu, aka raba rigunansa da takalmansa sadaka. Keken ne kawai ya rasa mai karɓa. Hajiya Rabi ta ce, "Malam, kai ne abokin wasansa, ka ajiye shi." Na ajiye shi bayan akwatuna, ya yi ta shan ƙura.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu ɗaliban jami'a suna wuce ni a kan kekuna masu batir, ba sa ko motsa ƙafa. Na tabbata da ya tsayar da ɗaya ya tambaye shi nauyinsa, da inda ake sa masa wuta, da ko yana shiga jirgi. Mutum ne mai son sanin yadda abu yake aiki. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne dubiyarmu ta yanzu. Idan aka sanar a zauren waya cewa wani ba shi da lafiya, kafin a jima addu'o'i sun cika wuri, kowa da hoton tafukan hannu. Addu'a ce, ban raina ta ba. Amma mai jinya ba ya jin sallamar kowa a bakin ƙofa.

Watan jiya aka kwantar da Baba Habu a Durham. Tsoho ne mutumin Kumasi, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wasu jihohi masu nisa. Aka yi ta addu'a a waya. Mako ya zagayo, na bincika, babu wanda ya je. Kowa da uzurinsa, kuma uzuri ne na gaskiya: aiki, yara, nisa. Ni ma ina da nawa, domin likita ya hana ni tuƙi a babbar hanya har sai an cire mini yanar ido. Na kira Baba Habu. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Ba komai, Malam. Bango nake kallo, shi ma yana kallo na."

Wannan magana ce ta sa na janye akwatunan.

Na kai keken wani shago a titin Elm, aka sake masa tayoyi, aka sa wa kaca mai, aka gyara birki. Na yi 'yan kwanaki ina gwadawa a layinmu, maƙwabta suna leƙe. Da na gaya wa Hajiya Rabi a waya, ta ce, "Ka biyo ka karɓi koko. Filas ɗin yana nan."

Ranar Asabar na isa tasha lafiya. A bakin dandamali ne abin ya cije. Mai shagon ya ware mini keken, ni kuma ban taɓa naɗe shi da hannuna ba. Na buɗe maƙallin tsakiya na tanƙwara, ya ƙi haɗuwa, kan keken ya tokare taya. Na mayar, na sake, haka dai. Aka yi shelar jirgi ya kusa. Ina ta tunanin tsohon nan da na riga na gaya wa ina tafe.

Sai na tuna wata rana da na raka Malam Isufu tashar nan, ina yi masa tsiya cewa kekensa ya fi shi iya ruku'u. Ya ce, "Mushe, wannan kamar alwala ne, da jeri ake yi. Ku Kanawa gaggawa ce da ku, sai ku fara da ƙafa." Yana faɗa yana nuna mini: a saukar da sirdi tukuna, a kwantar da kai, a tanƙwashe feda, tsakiya ce ta ƙarshe. Na yi bisimilla na bi jerin. Keken ya haɗe, ya yi wata 'yar ƙara da na sani, wadda rabona da jin ta tun yana raye.

A ƙarƙashin sirdin akwai tsumma a ɗaure. Da shi yake goge tayoyi kafin ya shiga, domin kada ya ɓata wa wani wando ko jaka. Yakan ce wanda kuka zauna jirgi ɗaya maƙwabci ne har ku sauka. Na goge, na shiga, na ajiye shi a wurin kaya. Muka wuce Burlington, carbi a hannuna, ina kallon dazuzzuka da bayan gidajen mutane, waɗanda ban taɓa gani ba duk tsawon zamana a jihar nan.

Daga tashar Durham zuwa asibiti na taka a hankali, inda hanya ta yi tudu na sauka na tura. Na yi sallama a ƙofar ɗakin, keke a hannu ɗaya, filas a ɗaya. Baba Habu bai fara da kallon fuskata ba. Ya daɗe yana duban keken, sannan ya nuna da haɓa.

"Bayan ƙofa yake ajiye shi, don kada nas ta yi tuntuɓe."

Ashe a ciwonsa na fari, shekarun baya, Malam Isufu ne ya yi ta zuwa. Ban taɓa sani ba. Na zuba masa koko bayan na nemi izinin nas. Ya kurɓa sau biyu, ya lumshe ido. Muka yi hira, na karanta masa abin da ya sawwaƙa. Da na miƙe zan tafi ya ce, "Ka gaya wa Hajiya, na Asabar mai zuwa ta rage sukari. Sun hana ni."

Ban ce masa zan dawo ba. Shi ma bai tambaya ba.

Malam Isufu bai bar gida ba, bai bar mota ba, babu wani gini da ke ɗauke da sunansa. Na daɗe ina zaton abin da ya rage mana nasa shi ne labaran ban dariya da muke yi bayan salla. Yanzu na ga ya bar hanya a buɗe daga gabashin Greensboro zuwa bakin gadon mara lafiya, da abin hawa, da yadda ake naɗe shi. Mai bi ne kawai babu.

Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya sa kowace taka feda da ya yi ta zama nauyi a mizaninsa, Ya ba Baba Habu lafiya. Na riga na sanar da Hajiya Rabi maganar sukari.