Inda Yaya Yake Zama

Yayana tsofaffin jiragen ruwa yake sayarwa, kuma ba mai gaskiya ba ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kada wani ya ce ƙiyayyar 'yan uba ce ke cina. A bakin kogi Mai Fenti ake ce masa, shi kuwa yana amsawa har da washe baki, a ganinsa yabo ne.

Rumfarsa a jikin katangar gidan iyayenmu take, don haka ta tagar ɗakin Inna na haddace sana'arsa tun kafin in yi aure. Zai sayi jirgin da mai shi ya riga ya haƙura da shi, ya ja shi bayan rumfa ya kife. Inda katako ya ruɓe ba ya cirewa. Garin katako yake kwaɓawa da gam, ya cusa, ya lailaye da bayan cokali, in ya bushe ya goge, ya bi da shuɗin fenti sau biyu. Sai ya tura jirgin cikin ruwa kwana uku, katako ya sha ya kumbura, duk wata tsaga ta rufe bakinta. A rana ta huɗu yake kiran mai saye.

Su ma masu sayen ba waliyyai ba ne. Da guduma suke zuwa, su bi katako ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa, don lafiyayye yana da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa dum yake yi. In ba su sami aibu ba sai su ƙirƙiro, su yatsine fuska su ce injin yana tari, don dai a rage musu. Yaya ya san maganinsu. Shi yake fara shiga jirgin, ya zauna daidai inda ya fi lalacewa, ya baza riga, ya kafa diddige, sannan ya ce su buga duk inda suka ga dama. Wani lokaci har gudumarsa yake ara musu. Shekara ashirin ban taɓa ganin wanda ya iya cewa ƙaton mutum mai furfura a gemu ya tashi a duba ƙarƙashinsa ba.

Maigidana direban jirgin fito ne. Shekara goma sha biyu yana ƙetarar da mutane a jirgin wani, burinsa kullum ya mallaki nasa. Da lokaci ya yi muka sayar da keken ɗinkina da ɗan filin da ya gada, ya je ya yi sallama da ubangidansa. Abu ɗaya na roƙe shi: ya saya ko'ina, ban da rumfar Yaya. Ko kwana biyu ba a yi ba sai ga Yaya a tsakar gidanmu, ya sha ruwa, ya ce abin kunya ne a ji mijin ƙanwarsa ya sayi jirgi a hannun bare, akwai wanda ya ware masa musamman. Maigidana mutum ne mai kunya har ta yi masa yawa. Godiya ya shiga yi, ni kuwa ina bakin murhu ina jin su.

Ranar cinikin na ga ya fito hannu rabbana. Na tambaye shi ina gudumarsa.

"Haba, ya za a yi in ƙwanƙwasa jirgin Yaya a gaban mutane?" ya ce, ya sa takalmi ya fita.

Na zare doguwar ƙusar da muke rataye gidan sauro, na bi bayansa.

Na tarar bakin ruwa a cike, masu dako da masu jiran fito, ga jirgi shuɗi yana ƙyalli. Yaya yana zaune a benci na uku, hannun hagu, ya tokare jikin jirgin da ƙafa yana ta zuba labarin injin. Maigidana yana tsaye yana gyaɗa kai. Na gaida Yaya yadda ya kamata, sannan na ce ya ɗan matsa.

"Ke Auta, me ya kawo ki cikin cinikin jirgi?"

"Matsawa kawai za ka yi, Yaya, in ga wurin."

Dariya ya yi, ya dubi maigidana ya ce ya mayar da iyalinsa gida. Maigidana ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Na cire takalmi, na tattare zane, na shiga ruwa har gwiwa, na lalubo jikin jirgin ta waje daidai diddigen Yaya, na ɗora ƙusa na danna da babban yatsa. Ta shige kamar cikin sabulu. Da na zare, ruwa ya tsarto ciki ya jiƙa masa ƙafar wando. Wani mai dako ya tuntsire da dariya.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce:

"Da wannan gam ɗin na ciyar da ke tun rasuwar Baba. Da shi na yi miki kayan ɗaki."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai. Na ce na sani, amma wannan mijina ne, mutum talatin zai riƙa ɗauka a ciki. Ya ce jirgin zai yi damina biyu lafiya lau, kuma ai mijin nawa ya iya iyo. A ranar na tsani Yaya, har yau kuma ban daina ba.

Na dawo gida ina jin na yi nasara, ashe ban san bakin kogi ba. Masu sayar da jirage kansu a haɗe yake, ko da kuwa ba sa ga maciji da juna. Duk rumfar da maigidana ya je, sai a ce an riga an sayar, ko a tambaye shi ko madam mai ƙusa tana tafe. Wanda ya yarda ya nuna masa, sai ya sa farashin da ya san ba za mu iya ba. Ubangidansa na da ya riga ya ɗauki wani direba. Inna ta ce na tona asirin gida a bainar jama'a, matar Yaya kuwa in ta hango ni a kasuwa sai ta canza layi. Wata huɗu maigidana yana zaune a ƙofar gida, kuɗin jirgi yana zarewa a hankali ta cefane. Bai taɓa ce mini laifina ne ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Shi kuwa jirgin, Yaya ya toshe ramin ƙusata, ya mayar da fentin kore, ya sayar wa wani mai shagon siminti da bai san gaban jirgi da bayansa ba. Mai siminti ya shiga neman ƙwararren direba. A duk bakin kogin, guda ɗaya ne ba shi da aiki.

Yanzu kullum da safe daga ƙofar gida nake hango koren jirgin yana ƙetarawa, maƙil da mata da kaya da 'yan makaranta, maigidana a baya yana riƙe da injin, gwangwanin kwarfar ruwa a gefen ƙafarsa. Damina ɗaya ta wuce. Yaya yana rumfarsa da wani sabon mushen jirgi a kife, ko kai ba ya ɗagawa in na gifta.

Sau uku ina zuwa har ƙofar shagon simintin. In na faɗi ruɓewar da ke ƙarƙashin fentin, mai shi zai janye jirgin, mu koma ba tukunya a kan wuta. Rannan ya gan ni a tsaye, ya yi mini fara'a, ya tambaye ni yaya nake ganin jirgin nasa, tunda an ce ina da ido.

Na ce masa fentin ya yi kyau.