Tafiyar Zoɓon Maigatari Zuwa New York

Manchester, Laraba

Ƙarfe biyar da minti goma na asuba, a watan Maris, ina idar da salla mijina Nura ya ɗauki akwatina ya kai mota. Gari da duhu, ga yayyafi mai sanyi. A cikin akwatin akwai kilo huɗu na zoɓon gonar Kawu Sale da ke Maigatari, kuma saboda shi na ɗaura wannan tafiya.

Aikina a Manchester gwajin ingancin abinci ne. Shekara biyu kafin nan abokiyar aikina Mei ta ja ni cikin wata ƙungiya ta matasan ma'aikata 'yan Birtaniya da 'yan Sin, masu haɗuwa duk ƙarshen wata su koyi harshen juna, su ci abincin juna, su ƙulla kasuwanci. Na ce mata ni Bahaushiya, me ya kai ni? Ta ce, "A nan kike zaune, a nan kike aiki, taho kawai." A can muka haɗu da Oliver, wani Bature mai haɗa ganyen shayi. Wata takwas muka yi mu uku muna gwada baƙin shayin garin su Mei da zoɓon Kawu, har muka sami ɗanɗanon da muke so. 'Yan ƙungiyar da ke New York suka sama mana minti ashirin a gaban Madam Wong, mai raba shayi ga shaguna, ranar Alhamis da hantsi.

Na tarar da su biyun a filin jirgi. Goma saura kwata muka tashi. Awa takwas a sama, ban runtsa ba.

JFK

Ɗaya saura kwata agogon New York muka sauka a filin jirgin JFK. Na rubuta a takarda cewa ina ɗauke da busasshen tsiro, aka tura ni wajen masu duba kayan gona. Jami'in ya farke leda ɗaya ya zazzage a farin faranti, ya baza da yatsa. Sai ga wani ɗan ƙwaro ya fito yana tafiya.

Na san ƙwaron, na kuma san hukuncinsa, tunda aikina ke nan. Laifina ne. Buhun farko na duba shi tsaf, wannan da ya iso daga baya a gaggauce na ƙulla shi.

"Ki yi haƙuri," in ji jami'in, "ba zai shiga ba."

A waje Oliver ya ce mu roƙi a ɗaga zaman, ko mu kai shayin kaɗai. Na ce masa ban tsallako teku don in zuba wa matar nan baƙin shayi zalla ba. Ya wuce otal da kaya, ni da Mei muka shiga layin tasi ba tare da mun san inda za mu ce a kai mu ba.

Muna shiga mota na kira Nura ina ba shi labari. Ina ajiye waya direban ya dube ni ta madubi.

"Ina wuni, Hajiya? Bisap kike nema, zoɓo?"

Malam Isufu ke nan, mutumin Maraɗi, shekararsa goma sha ɗaya yana tuƙi a garin.

"Zoɓo nake nema, Malam, mai kyau, sabo."

"Bon. Tremont za mu. In babu a can, babu a Amurka."

Tremont

Kusan kilomita talatin ne, mun yi minti hamsin saboda cunkoso a kan gada. Unguwar na ganta kamar na san ta: masallaci a ƙarƙashin bene, mata da manyan mayafai a kan rigunan sanyi, buhunan gari da doya a bakin shaguna.

Shagon farko zoɓonsu ya yi baƙi, ya kwana biyu, ba ƙamshi. Na biyu niƙaƙƙe ne da sukari a ciki. Mei ta dubi agogo, uku da rabi. Malam Isufu ya ce saura wuri ɗaya, ya kai mu shagon Hajiya Memuna, wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi, ya yi mana sallama ya koma bakin aikinsa.

"Sobolo? Ya ƙare a shago," in ji Hajiya, da sunan da suke kiran zoɓo a Ghana. Ta ƙare min kallo. "Kai, me ya sa idonka ya yi ja?" Haka mutanen Zango suke magana, mace da namiji duk "kai" ne.

Na ba ta labari daga farko. Na gaya mata yadda Kawu da maƙwabtansa ke noma abin nan shekara da shekaru, 'yan sari su zo bakin gona su yanka musu farashin da suka ga dama. Na ce gobe ce rana ta farko da sunan garinsu zai hau kan kwali.

Sai ta ce tana da rabin buhu a gida, makon jiya aka kawo mata daga Tamale, amma na sunan jikanta ne ranar Asabar, kuma mutane da yawa za su zo. Ta nuna Mei da haɓa. "Shi ma yana sha?"

Na fassara. Mei ta ce kakarta a kudancin Sin tana shanya shi a kan rufin ɗaki, ta dafa musu lokacin zafi da ɗan sukari. Hajiya ta tafa hannu tana dariya. "Har can ya je?" Ta rufe shago ta ce mu bi ta.

Gidanta a hawa na huɗu yake. Zoɓon ja wur, ƙamshinsa ya cika kicin. Ta raba biyu ta tura min rabi, na ciro kuɗi ta ɓata rai, dole na mayar. Na yi la'asar a ɗakinta, sannan muka zauna mu uku muna tsince shi ɗaya bayan ɗaya a kan tire. Ta zubo mana shinkafa da wake da baƙin yajinsu, Mei na ci tana share hawaye tana neman ƙari. Hajiya ta ce ba inda za mu, a falonta muka kwana.

Chinatown, Alhamis

Shida da rabi Oliver ya iso da ganyen shayi da ɗan ma'auninsa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ce wa Hajiya "ina kwana" yadda na koya masa a waya, ta amsa har da tambayarsa mutanen gida. Zoɓon Tamale ya fi na Kawu tsami, sai da muka dafa sau biyar kafin haɗin ya zauna.

Tara saura minti goma muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, dala biyu da santi saba'in da biyar kowa. Minti arba'in muka fito a Chinatown, unguwar 'yan Sin. Ɗakin taron a saman wani gidan shayi yake, 'yan ƙungiya sun cika shi, Turanci da Sinanci na tashi a haɗe.

A kan matakala Oliver ya rage murya. "Maigatari za a rubuta a kwali. Ba wanda zai gane bambanci, ba sai mun tayar da maganar ba."

Na ce, "Ni na sani."

Madam Wong ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta sake kurɓa. Kafin ta yi magana na ce mata wanda take sha ba na Maigatari ba ne. Na gaya mata abin da ya faru a filin jirgi, da cewa sakacina ne, da inda muka samo wannan. Mei ta maimaita mata da Sinanci, ba ta rage komai ba.

Ta ajiye kofi. "Kin san da kin yi shiru da na sa hannu yau?"

"Na sani, ranki ya daɗe. Amma wata uku nan gaba za ki buɗe kwali ki ji wani ɗanɗano dabam."

Ta ce ta ba ni mako uku in aiko da na ainihin, da takardun gwajinsa. In ya kai wannan za ta fara da kaɗan a shaguna biyu, in bai kai ba shi ke nan. Muka sauko titi da Oliver. A nan ya miƙo min ma'aunin ya ce in riƙe, zan fi shi buƙatarsa a makon nan.

Komawa gida

Juma'a da yamma muka tashi, Asabar bakwai na safe muka sauka Manchester. Nura na jira da rigar sanyina a hannu. Tun a mota na kira Maigatari. Kawu ya sake shanya sabon zoɓo ya sheƙe shi da kansa ya aiko min, ni kuma na duba kowace leda sau biyu. A kwana na goma sha tara zoɓon ya isa hannun Madam Wong. Bayan kwana huɗu ta turo wa Mei saƙo cewa mu fara haɗa kwalaye.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Isufu, wanda ko lambarsa ban karɓa ba. Hajiya Memuna kuwa, da ta shayar da baƙinta rabin abin da ta tanada saboda wata baƙuwa da ta shigo mata shago da jan ido, Allah ya saka mata, ya raya abin da aka haifa.