Madarar ɗana da ta maƙale a jirgin ƙasa

Lokacin ina da jaririn fari, wata huɗu, muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Wangsa Maju, maigidana yana karatun da gwamnati ta turo shi. Ni firamare kawai na yi. Ana cikin kullen korona ruwan nonona ya janye, kuma duk madarar da muka gwada sai yaron ya amayar, sai wata guda mai gwangwani ruwan ɗorawa da nake saya a kedai, shagon da ke ƙasan benenmu.

Rannan mai shagon, wani dattijo da kowa ke ce wa Ankul, ya ce ta ƙare. Wai jirgin ƙasa ne ke kawo ta daga wata ƙasa, sai ya ratsa wata ƙasar kafin ya iso inda muke. Ta tsakiyar ta ce sai an biya harajin wucewa, masu kayan suka ce akwai yarjejeniyar da ta hana karɓar haraji a kan kayan da ratsawa kawai za su yi, har jakadu sun shiga maganar. Wallahi ban gane ba. Kayan da ba a sauke a garinka ba, me za ka karɓa a kai? Na ɗauka irin shingen hanyar Zariya ne, direba ya miƙa na goro a ɗage sanda. Har na ce masa in ƙara wani abu a ba su mana. Ya yi dariya har takunkuminsa ya zame, ya ce in dawo jibi.

Jibin nan ce ta cuce ni, don kullum na koma sai ya sake ce min jibi. Gwangwani ɗaya ya rage, sai na riƙa zuba ludayi biyu maimakon huɗu, in cika ruwa. Na ɓoye wa maigidana, ganin rubutun digirinsa ya sha masa kai. Yaro ya daina kuka ma, ni kuwa ina murna wai ya ƙoshi.

Ranar rigakafi nas ta ɗora shi a sikeli sau biyu, ta tambaye ni me yake sha. Kwana huɗu muka yi a asibiti, aka ɗora shi a kan wata madarar da tun farko tana nan a kantin magani.

Har yau ban san wa ya yi gaskiya a rigimar ba, ban ma san ko jirgin ya iso ba. 'Yan uwana mata, in manya suna jayayya, kada ku auna cikin jariri da ranar da za su shirya. Ku buɗe baki ku tambaya. Shirun yaron nan da na yi wa murna, ashe ƙarfin kukan ne babu.